Kalma Ba Ta Tafiya Ita Kaɗai

Wani yammaci, bayan an tashi daga ajin lesin da nake koyarwa, wani ɗalibina ya tsaya har kowa ya fita, sannan ya zaro littafin rubutu mai jan bango daga jakarsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Malam, duba ka gani." Na buɗe. Shafi bayan shafi kalmomin Turanci ne jere reras, kowace da ma'anarta a gefe da jan biro. Ya faro daga harafin farko na ƙamus, har ya kai tsakiyar na uku, yana tsince dogaye masu nauyin baki. Ya ce ya haddace sama da ɗari huɗu, in ina so in gwada shi. Na gwada shi kuwa, bai faɗi ko ɗaya ba. Sai na ɗauko "abdicate" na ce ya sa mini ita a jimla. Ya yi shiru, ya kalli rufin ɗaki, can ya rubuta cewa jiya ya "abdicate" takalminsa a ƙofar masallaci.

Ƙamus ya ce masa ma'anarta barin abu, shi kuwa takalmi ya bari. Ba wanda ya gaya masa cewa kalmar nan ba ta fita sai da rakiyar gadon sarauta ko wani nauyi da ya rataya a wuyan mutum. Murabus ne, irin wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi a 1963. Yaron ba malalaci ba ne, ya ma fi kowa ƙwazo a ajin. Ya dai ɗauka kalmomi kamar tsabar kuɗi ne, a yi ta tarawa a asusu, ranar jarrabawa a fasa. Kalma kuwa da mutum ta fi kama: tana da dangi, tana da abokai, tana da inda take zuwa da inda ba ta taka ƙafa.

Ita kanta jarrabawar haka take tambaya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tun daga 2015 ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Darussa huɗu ne, maki 400, kuma Turanci dole ne ga kowa, ko likita kake son zama ko lauya. Tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. A cikin wannan ɗan lokaci ba a cika kawo maka kalma tsirara a ce faɗi ma'anarta ba. A cikin jimla ake sa ta, a ce nemo wadda ta fi kusa da ita ko kishiyarta, gwargwadon yadda aka yi amfani da ita a nan. Ko a ba ka labari an ciccire masa kalmomi ka cike gurbi, da zaɓi huɗu waɗanda a ƙamus duk ma'anarsu kusan ɗaya, amma ɗaya ce tak maƙwabtanta za su yarda ta zauna.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Ɗauki "ci". Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin sarauta, ana cin mutunci, ana cin jarrabawa. Baƙon da ya haddace cewa "ci" shi ne sa abinci a baki, ranar da aka ce masa wane ya ci amanar wane sai ya nemi kwano. Turanci ma ƙananan kalmominsa ne masu kayar da mutum. "Put" kowa ya san ta, amma "put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, "put out" kashe wuta, "put up with" kuwa haƙuri da abin da ba ka so. Na sha ganin ɗalibi ya san kalma mai harafi goma sha biyu, amma waɗannan sun yi masa ƙafar ungulu.

To kalma nawa mutum yake bukata? An yi lissafin. A 1953 wani malami Bature, Michael West, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a yankin Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a harshen. Waɗannan kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Sai dai kashi 80 na nufin a kowace kalma biyar akwai baƙuwa ɗaya, wannan kuwa ba karatu ba ne, lalube ne a duhu. Paul Nation, masani a jami'ar Victoria da ke Wellington, ya ƙiyasta a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus a cinya ba, sai ya san kashi 98 na kalmomin shafin, wanda ke bukatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakala mai amfani ga mai shirin jarrabawa: a 2000 Averil Coxhead ta tattara dangin kalma 570 da ke yawan fitowa a rubutun ilimi, kowane fanni ne, irin su "assume", "derive", "evident", "factor" da "significant". Ba su da ƙyalƙyali, ba wanda zai tafa maka don ka faɗe su. Amma su ne ke cike da labaran auna fahimta, kuma jerin yana nan a intanet kyauta.

Ka lura masanan "dangi" suke ƙirgawa, ba ɗaiɗaiku ba, kuma a nan ne ɗan Hausa yake da wata gata da bai cika sanin yana da ita ba. Duba waɗannan: hukunci, hukuma, hakimi, hikima, mahukunta. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san gida ɗaya suka fito, saiwar Larabci mai baƙi uku. Haka ilimi da malami. Kunnenmu ya saba jin saiwa a cikin kalma. Turanci shi ma aro ya cika shi. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, Latin kuma na coci da makaranta, ga Girkanci a fannin kimiyya. Shi ya sa manyan kalmomin Turanci suke zuwa gida-gida. "Port" a Latin ɗauka ce, sai ga "import" shigo da kaya, "export" fitar da su, "transport" jigilarsu, "deport" tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsu, "portable" abin da ke ɗaukuwa. "Bene" alheri, "mal" sharri: in ka gamu da "benevolent" da "malevolent" a ɗakin jarrabawa, ko ba ka taɓa ganin su ba, ka san wanda za ka ba ajiya. Saiwa talatin da ɗafa-goshi ashirin sun fi littafin yaron nan mai jan bango buɗe ƙofofi.

Amma a yi hattara, dangi ma akwai na nesa da suka sauya hali. Ɗafa-goshin "in" yakan juya ma'ana, kamar yadda "visible" ke komawa "invisible". Sai ɗalibi ya saki jiki, ya ga "invaluable" ya ce abu marar daraja, alhali abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. "Inflammable" kuma da "flammable" duk abu ɗaya ne, mai saurin kama wuta, shi ya sa ake rubuta shi a jikin tankar mai. Masu tsara tambaya sun san waɗannan ramuka sarai, kuma a bakinsu suke shimfiɗa tabarma.

Abokan kalma sun fi danginta wuyar sha'ani, don ba doka, sai sabo. A nan ne Hausarmu take leƙowa ta ƙarƙashin Turancinmu. Mu muna shan magani, Bature "take" yake yi masa. Mu "ji" ɗaya ta ishe mu: mu ji magana, mu ji sanyi, mu ji wari, mu ji Larabci, shi kuwa kowanne da kalmarsa, "hear", "feel", "smell", "understand". "Aro" a wurinmu hanya ce mai zuwa da dawowa, shi ya raba ta biyu, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend", kuma da wuya shekara ta wuce ban gyara wannan a takarda hamsin ba. Kuskure "make" ake yi masa, ba "do" ba. Ruwan da muke cewa kamar da bakin ƙwarya, shi nauyi yake gani a ciki, ya ce "heavy rain". Ba aibi ba ne harshen uwa ya yi tasiri, kowace al'umma da irin nata tuntuɓen. Amfanin sanin naka shi ne ka san inda za ka ɗaga ƙafa. Saboda haka in za ka rubuta sabuwar kalma, kada ka rubuta ta ita kaɗai. Kwafo ta da jimlar da ka tsince ta a ciki, da ƙaramar kalmar da ke bin ta: "accuse" da "of" take tafe, "congratulate" da "on", "discuss" kuwa ba ta son rakiyar "about" ko kaɗan.

Sai batun riƙewa. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi gwaji a kan kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta rage sauri, kuma bita a kan tazara tana rage ta. Ni dai duk sanda na karanta wannan sai in tuna tsangaya. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya, kuma bayan ya wanke ba a bar shi ya yi gaba kawai ba, yana komawa baya da tilawa, dare da asuba, har karatun ya zauna. Abin da aka gano a ɗakin bincike, gardawa sun daɗe suna yi a gindin wuta. Wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, ya mayar da abin dabara mai sauƙi a 1972, kuma ga yadda muka yi ta da yaron nan. Muka yayyanka kwalin sukari ƙanana, gaba a rubuta jimla da gurbi, baya a rubuta kalmar. Muka samo gwangwanin madara uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Juma'a kaɗai. Katin da ka ci ya haura gwangwani na gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko, ko da ya kai na uku. Kalma biyar a rana, wata shida ta zama 900. Akwai manhajojin waya masu yin wannan aiki, amma gwangwani ba ya cin caji, kuma saƙon abokai ba ya shigowa ta cikinsa.

Yanzu mu zo ga sakin layi, wanda a ganina nan ne aka fi yin asarar maki ba tare da an san an yi ba.

Sakin layi ayari ne. Akwai jimla ɗaya da ke riƙe da maganar, ita ce madugu, sau da yawa tana gaba, wani lokaci tana tsakiya ko can ƙarshe. Sauran kowace da kayan da ta ɗauko mata: wannan misali, wannan dalili, wannan togiya. Jimlar da ba ta ɗauko wa madugu komai ba, ba 'yar ayarin ba ce, komai kyanta. Ana gwada wannan fahimta ta hanyoyi da dama. A wasu jarrabawowin ɗaukar aiki akan hargitsa jimloli a ce ka mayar da su yadda suke. Bari mu gwada da Hausa tukuna, don a ga cewa ba Turanci ne matsalar ba. Ga jimloli huɗu a birkice. Ta farko: "Saboda haka farashinsa ya faɗi warwas." Ta biyu: "Bana manoman wani ƙauye sun samu tumatir mai yawa." Ta uku: "Wannan faɗuwa ce ta sa wasunsu suka koma shanya shi." Ta huɗu: "Sai dai duk a mako guda suka kwaso shi kasuwa, ga ba wurin ajiya."

Ba wanda zai ɓata minti guda a nan. Amma tambayi kanka yaya aka yi ka gane. Ta farko ba za ta buɗe magana ba, don "saboda haka" tana nuna baya, kuma "farashinsa" na jiran a faɗi na mene ne. Ta uku ta ce "wannan faɗuwa", ke nan sai an yi faɗuwar kafin ta iso, dole ta biyo bayan ta farko. Ta huɗu ta zo da "sai dai", tana neman abin daɗi da za ta rage wa armashi. Ta biyu ce kaɗai ba ta bin kowa bashi, har ma ta ce "wani ƙauye", alamar yanzu aka kawo shi. Sai jerin ya zama biyu, huɗu, ɗaya, uku. Waɗannan zaruruwa su ne Michael Halliday da Ruqaiya Hasan suka yi wa littafi guda a 1976, kuma duk suna nan a Turanci ɗaya bayan ɗaya. Yadda muke cewa "wani mutum" a karon farko, sannan mu koma "mutumin", haka Bature yake fara da "a man" ya koma "the man". Jimlar da ta fara da "he", "they", "this" ko "such" tana da uba a baya, nemo shi. "However" sai dai ce, "therefore" saboda haka, "although" duk da cewa. Wanda ya iya bin tatsuniya a bakin kakarsa ya riga ya iya aikin, sauran kawai ya san sunayen kayan aikin a ɗaya harshen.

Wuri ɗaya ne harsunan biyu suka raba hanya har ya kamata a ja kunne. A Hausa ba laifi ka ce "duk da cewa ya yi karatu, amma bai ci ba". A Turanci in "although" ta buɗe jimla, "but" ba ta da wurin zama. Ɗaya ake ɗauka.

Ina da ƙorafi a kan yadda ake koyar da waɗannan mahaɗai a wuraren lesin da dama. Akan ba yara jerin su a ce su haddace, sai ka ga insha'i kowace jimla ta fara da "moreover" ko "furthermore", kamar an barbaɗa yaji a kan tuwon da bai nuna ba. Mahaɗi ba ya ƙirƙirar alaƙa, nuna ta kawai yake yi in tana nan. Ka rubuta "therefore" tsakanin maganganu biyu da ɗaya ba ta haifi ɗaya ba, ka tona wa kanka asiri ne a gaban mai maki. Abin da ya fi ɗaure sakin layi ba ya ma ganuwa: kowace jimla ta fara da abin da mai karatu ya riga ya sani, ta ƙare da sabo, sannan ta gaba ta ɗauki sabon nan ta fara da shi. Haka hira take tafiya a majalisa in mai iya magana ne ke da baki.

A jarrabawar WAEC, hukumar da ta samo asali tun 1952, wannan magana tana da farashi a bayyane. Ana so ka rubuta insha'i na kimanin kalma 450 a kan maki 50: goma na abin da ka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko ƙa'idar rubutu yake cin rabin maki. Kuskure ashirin, wannan goman ta tafi. Dubi lissafin da kyau: tsari da sarrafa harshe sun kwashe talatin cikin hamsin. Ɗalibin da ya ɗauki minti biyar ya jera maganganu huɗu a gefen takarda, kowace da sakin layinta, ya rubuta su da kalmomin da ya tabbatar da su, ya fi wanda ya auka da manyan kalmomin da bai san abokansu ba. Ɓangaren taƙaitawa kuwa, mai maki 30, ba komai ba ne illa farautar madugai: a ba ka dogon rubutu, ka tsamo jimlolin da ke riƙe da shi, ka zubar da misalai, ka faɗe su da bakinka a cikakkun jimloli. Wanda ya kwafo layin marubuci ɗungurungum yana rasa maki. Ka ga a nan ƙwarewar biyu suka haɗu, don ba ka iya sauya wa magana riga sai kana da wata kalmar a aljihu.

Duk wannan ba ya samuwa sai da karatu, kuma nan ne gizo ke saƙa. JAMB takan sa littafin labari guda a karanta: daga 2021 zuwa 2024 The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli ne, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Me yara suke yi? Su sayi 'yar takardar da ta taƙaita labarin, su haddace sunayen mutanen ciki. Wataƙila su ci tambayoyin littafin, amma sun jefar da abin da ya fi tsoka, wato shafuka masu yawa na kalmomi zaune cikin danginsu da abokansu, da sakin layi bayan sakin layi da wani ya riga ya ɗaure. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani, suna koya maka halin jarrabawa da saurin hannu, sai dai awo ne, kuma yawan ɗora buhu a sikeli ba ya ƙara masa hatsi.

Wata dabara da nake ba ɗalibai ba ta cin ko sisi in akwai waya a gida. Aminiya da Daily Trust kamfani ɗaya ke buga su, kuma sau da yawa labari ɗaya yakan fito a duka biyun. Fara karanta na Hausa, ka san abin da ya faru. Sannan ka koma na Turanci, yanzu ba lalube kake ba, kana kallon yadda aka faɗi abin da ka riga ka sani. Tsamo kalma biyar da jimlolinsu zuwa gwangwani. Ka ɗauki sakin layi ɗaya ka ja layi ƙarƙashin madugunsa, ka zagaye duk kalmar da ke nuna baya. In za ka duba ƙamus, nemi irin wanda aka yi don masu koyo, kamar na Oxford da A. S. Hornby ya fara haɗawa a shekarun da ya yi yana koyarwa a Japan. Kada ka tsaya a ma'ana, sauka ƙasa ga jimlolin misali, can naman yake.

Yaron nan bai jefar da littafinsa mai jan bango ba, ya dai juya shi ta baya ya fara cika shi da jimloli. Ana saura makonni kaɗan jarrabawa wani aiki ya taso mini, na shiga aji na shaida musu cewa daga gobe wani malami ne zai ci gaba da su. Aji ya yi tsit. Can daga layin baya ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, ke nan yau ka abdicate?"

Na ce, "Kai, ɗan nan, sarauta ka ga ina yi?"

Ya ce, "A'a, Malam. Ai kai ka ce har da nauyin da ke wuyan mutum."

Na ɗauki alli na rubuta jimlar tasa a allo, na sa mata "have" ɗin da ya manta, na ce kowa ya kwafa.